Tsegumi daga Washinton: Koren Littafi Ya Fara Tona Asirin Manya

Ku matso, ku rage murya. Zancen da ake raɗawa a bakin masallatai da gidajen suna, daga Silver Spring zuwa Hyattsville har a tsallaka kogin Potomac a shiga Virginia, ba na aure ba ne a wannan karon, ba kuma na saki ba. Na fasfon Najeriya ne. Koren littafin nan da muke jefawa ƙasan akwati mu manta da shi sai tafiya ta taso, shi ne ya hana wasu manyanmu barci, kuma ba layin ofishin jakadanci ne ya hana su ba. Takardun da suka baro a ƙauye ne suka biyo su har Amurka.

Bari mu fara da wani Alhaji na yankin Prince George's. Ba zan faɗi sana'arsa ba, ba zan faɗi garinsu ba, amma in ana rabon shinkafa a taro shi ake fara zuba wa. Majiyata ta ce fasfonsa ya kusa ƙarewa, ya zauna gaban kwamfuta zai cika takardar sabuntawa, ya shigar da lambarsa ta ɗan ƙasa, wato NIN, sai na'ura ta ce ba ta san wannan zance ba. Ranar haihuwar da ke fasfo daban, wadda ke rajistar katin ɗan ƙasa daban, tsakaninsu shekara bakwai cur. Aka ce da abin ya ishe shi sai ya buga wa tsohuwarsa waya, ya ce, "Inna, don Allah wace shekara aka haife ni?" Inna ba ta san lissafin Bature ba, amma ba ta da mantuwa. Ta ce, "Kai ɗan nan, ai kana rarrafe aka kashe Sardauna." Sardauna kuwa a Janairun 1966 aka kashe shi. Fasfon Alhaji ya ce sai dab da canjin kuɗi, wato lokacin da naira ta maye gurbin fam a 1973, ya zo duniya. Yanzu ko wa za a gaskata, Inna ko littafi?

Kafin ku yi masa dariya, kowa ya shafa kansa. Yawancin waɗanda aka haifa a karkara kafin dokar tilasta rajistar haihuwa ta 1992 ba su da takardar asibiti, domin a ɗaki aka haife su, ungozoma ta yanke cibi, aka yi suna ranar bakwai, shi ke nan. Da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, aka kwaso yara daga gona da kiwo aka jera su gaban hedimasta, ma'aunin shekaru shi ne yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunnen ɗaya gefen. Wanda ya taɓo ya kai shiga aji ɗaya. Ɗan shekara shida ya taɓo, ɗan shekara sha ɗaya ma ya taɓo, aka rubuta musu shekara guda. Shi ya sa in kun lura, rabin dattawanmu a nan ranar 1 ga Janairu aka haife su, sai ka ce matan ƙauyukanmu sun haɗa baki ne. Wannan ba laifin kowa ba ne.

Amma akwai waɗanda da hannunsu suka yi aski. Sun shiga aikin gwamnati a gida, suka ga ana ritaya a shekara 60, suka je kotu suka yi takardar rantsuwa suka zaftare biyar ko bakwai. Da wannan takarda aka yi fasfon farko, da fasfon aka nemi biza, da bizar aka sami katin zama, har lambar inshorar tsufa ta Amurka duk a kan ranar nan ta tsaya. A nan ne reshe ya juye da mujiya. A ƙasar nan inshorar lafiya ta tsofaffi, Medicare, sai mutum ya cika 65 a takarda, cikakken kuɗin ritaya kuma ga wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama sai ya kai 67. Wanda ya rage bakwai don ya daɗe a ofis a Kaduna, yau zai ƙara bakwai yana tashi da asuba yana kankare ƙanƙara daga gilashin mota, gwiwa tana ƙara, takarda tana cewa shi matashi ne. An ce Alhajin namu ya tambayi wani lauya ko za a iya mayar masa da shekarunsa. Lauyan ya tambaye shi ko ya shirya bayyana wa hukumar shige da ficen Amurka dalilin da ya sa ya sa hannu a ranar da ba tasa ba duk tsawon shekarun nan. Alhaji ya ce zai yi shawara. Har yanzu ana shawarar.

Abin da ya sauya shi ne yanzu takardu suna magana da juna. Da can fasfo na gefe guda, katin ɗan ƙasa na gefe guda, babu mai gwada su. Tun da aka ɗaure fasfo da lambar NIN, aka kuma mayar da cika takardar neman fasfo ta intanet gaba ɗaya a Janairun 2024, zamanin ministan harkokin cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo, abin da ke rumbun hukumar katin ɗan ƙasa, NIMC, shi ne mai yanke hukunci. Harafi ɗaya ya bambanta, an tsaya. Mu kuwa Hausawa Allah ya hore mana sunaye. Mutum ɗaya ne Muhammadu a wurin uwarsa, Mamman a unguwa, Mohammed a takardar sakandare, Muhammad a fasfo. Wani sunan mahaifinsa ne na biyu a wata takarda, a wata kuma sunan garinsu, don haka malamin makarantar kwana ya rubuta shi tun yana aji ɗaya saboda Musa sun kai biyar a ajin. Gyaran ranar haihuwa a NIMC kuma tun Mayun 2025 ya haura naira 28,000, ban da takardar shaida daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da za a nema, ban da jira.

Sunan nan shi ya kama wata Hajiya da kuka sani, mai yawan gwala-gwalai, wadda ba a biki sai da ita. Shekara da shekaru ƙawayenta sun san auren da take ciki ne na fari. Da ta zo sabunta fasfo sai ta roƙi 'yar wata ƙawarta, yarinya 'yar jami'a mai saurin hannu a kwamfuta, ta taya ta cikawa. Yarinya ta shigar da lamba, suna ya fito, sai ta ɗago kai cikin ladabi ta ce, "Anti, wannan sunan na ƙarshe na waye? Ba na Kawu ba ne." Ashe lokacin da Hajiya ta yi rajistar katin a gida, da sunan wani bawan Allah ta yi, wanda aka daɗe da rufe babinsa. Yarinya ba ta faɗa wa kowa ba sai uwarta. Uwar ba ta faɗa wa kowa ba sai aminiyarta. Ni kuma ga shi ban faɗa wa kowa ba sai ku. A ganina dai babu abin kunya a auren fari da ya mutu, ɓoyewar ce ta ba masu baki abin taunawa.

Tunda mun shiga gidajen aure, ga wata. Wani maigida ya yi ta cika baki a majalisa cewa matarsa ba ta isa ta sabunta fasfo ba sai da sa hannunsa. Wani ya kamata ya raɗa masa cewa tun 2009 Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal ta yanke hukuncin cewa tilasta wa matar aure kawo takardar izinin miji kafin a ba ta fasfo ya saɓa wa kundin tsarin mulki. An ce uwargidan ta riga ta karɓo nata, mai shafi 64, tana ajiye da shi a gidan maƙwabciya.

To, yanzu ga inda raina yake sosuwa, kuma a nan zan daɗe. Duk wannan gyare-gyaren takardu da ake yi daga Maryland, wa kuke tsammani yake yin zirga-zirgarsa? Ƙane ne a ƙauye. Kusan kowane ɗayanmu yana da irin wannan ƙanen, wanda bai taɓa shiga jirgi ba amma ya san ƙofar kowane ofishi saboda mu. Yaya zai tashi daga aiki ƙarfe goma na dare a nan, ya manta cewa gida suna gabanmu da awa biyar da bazara, shida da hunturu, ya danna waya. Ƙane ya farka a firgice ƙarfe uku na dare yana tsammanin mutuwa aka yi. Sai ya ji, "Gobe-goben nan ka je ƙaramar hukuma ka karɓo min takardar indijin, ina sauri."

Gobe ɗin ta ƙane ga yadda take. Zai bar gonarsa, ko da kuwa ranar ce ya shirya zuba taki. Zai fara da mai unguwa, mai unguwa ya tura shi wurin dagaci, wani wurin sai an haɗa da hakimi, kowanne kuma ba a zuwa masa hannu rabbana. Daga nan ya hau acaɓa zuwa bakin titi, ya jira motar da za ta cika, ya isa sakatariya rana ta take. Mai sa hannu ya fita, a dawo jibi. Jibi ya dawo, babu fom, a dawo ranar kasuwa. Ran da takarda ta fito, sai ya shimfiɗa ta a kan sirdin babur, ya danne gefe da babban yatsa don iska, ya ɗauki hoto da wayar da gilashinta ya tsage, sannan ya taka zuwa tudun bayan makarantar firamare inda ake samun sabis ya tsaya yana ɗaga waya sama har hoton ya tafi. Amsar da zai samu daga Amurka ita ce, "Wannan bai fito ba, yatsanka ya rufe hatimin. Sake." Babu sannu, babu ya gona.

An ba ni labarin wani da ya aika dala hamsin don wannan aiki, ya kuma bi da saƙon murya yana tambayar canji. Mutumin da ke biyan fiye da haka a wata don ajiye mota. Shi lissafinsa na kuɗin mota ya tsaya tun kafin a cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Ƙanen, aka ce, bai yi musu ba. Ya dai daina ɗaukar waya, ya ce sabis ne babu. Yaya kuwa yana nan yana yawo da zancen cewa 'yan gida ba su da kirki.

Sai kuma batun kawo tsofaffi. Matar wani ɗan'uwanmu ta kusa haihuwa, aka yanke shawarar a kawo mahaifiyarta daga ƙauye ta yi mata zaman jego, don a nan babu mai dafa maka ruwan wanka balle kunun kanwa. Tsohuwa ba ta taɓa yin fasfo ba, ko Makka ba ta je ba. Daga 1 ga Satumban 2025 ƙaramin fasfo mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000 a gida, babba mai shafi 64 na shekara goma naira 200,000, alhali shekara guda kafin nan rabin haka ne. Mu da ke waje aka bar mana namu a dala 150 da dala 230. Ku auna wanda ƙarin ya fi dannewa: mai karɓar dala, ko mai jiran kakar gero. Ofisoshin fasfo kuma galibi a manyan birane suke. An ɗan rage nisa da aka buɗe na Daura da na Zariya a ƙarshen mulkin Buhari, a Kano kuma akwai na Farm Centre da na Dawakin Kudu, amma wanda ke can ƙuryar daji har yanzu sai ya yi sammako, wani sai ya kwana a gidan dangi.

Aka kai tsohuwa. Matan gida, don murnar za ta birni a ɗauke ta hoto, suka kwana suna ƙunsa mata lalle har yatsu suka yi baƙi ƙirin. Aka ɗora yatsa a na'ura, na'ura ta ƙi. Aka goge, aka sake, ta ƙi. Dama shekara hamsin na surfe da taɓarya sun riga sun cinye zanen, lalle ya zo ya ƙarasa. Aka ce a koma sai ya kwaranye. Da ƙyar da siɗin goshi littafi ya fito, sai ga Amurka ta sauya doka: a Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta wata uku, shiga ɗaya, sannan daga farkon Janairun 2026 aka dakatar da bayar da irin wannan biza ga 'yan Najeriya, in ban da 'yan tsirarun da aka keɓe. Jariri har ya fara zama, fasfon kaka na naɗe a leda cikin kwalla. Masu baki sun ce a duk gidan mutum ɗaya ne bai yi baƙin ciki ba, kuma shi ne ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa, "Kash, Allah bai nufa Inna za ta zo ba."

Kada ku ɗauka ƙauye a gida kawai yake. Amurka ma tana da nata, kuma akwai mutanenmu a ciki. Akwai likitocin da suka zo ƙaro ilimi, aka yafe musu komawa gida bisa sharaɗin su yi shekara uku a inda ake ƙarancin likitoci, a ƙarƙashin shirin Conrad 30, suka tsinci kansu a tsaunukan West Virginia. Akwai masu aiki a masana'antun kaji na wajen Salisbury, can tsallaken gadar Chesapeake. Duk faɗin ƙasar nan wurare uku Najeriya ke da su na dindindin don wannan aiki: ofishin jakadanci da ke International Court a Washinton, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Van Ness, sai ƙananan ofisoshin New York da Atlanta. Daga Charleston ta West Virginia zuwa nan tafiyar kusan awa shida ce a mota. Mutum ya ɗauki hutun aiki, ya kwana a otal ko a falon wani, don a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa na 'yan mintoci. An daɗe ana kuka cewa na'urar buga fasfo a Washinton kaɗai take, New York da Atlanta sai su tattaro su aiko, har sai a Fabrairun 2025 aka sanar da an kafa musu nasu. Tsarin sabuntawa ta manhajar waya, wanda aka fara a Kanada a Nuwamban 2024 aka riƙa faɗaɗa shi zuwa wasu ƙasashe, zai rage wa irin waɗannan wahala, amma ga wanda takardunsa suka daidaita. Su Alhaji sai dai su ji ana yi.

Inda wahala take, nan 'yan tsakiya ke yin gida. Akwai wani mai yawo da jakar kwamfuta a harabar wani masallaci bayan Juma'a, yana cewa yana da mutum a ciki. Majiyata ta rantse ba shi da kowa a ko'ina. Abin da yake yi shi ne ya cika maka fom ɗin da ɗanka ɗan aji tara zai cika kyauta, ya karɓi kuɗin da ya kusa na fasfon kansa, in ranar ta zo ya ce shi ya matsa. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne yana cikawa da gaggawa, ya juya suna, na farko ya koma na ƙarshe, ya bar mutum da sabon ciwo.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna gefe suna mana murmushi. Su dai tsofaffin takardunsu sun fi namu gaskiya, don in ba a san ranar ba sai a rubuta an haifi mutum wajejen shekara kaza, a wuce wurin. Amma su ma suna da nasu zullumin tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a 29 ga Janairun 2025 aka shiga batun fasfon ƙawancensu na AES, ga kuma ƙofar bizar Amurka da aka rufe musu ruf.

Na ajiye muku mai zaƙin a ƙarshe, kuma wannan shuɗin fasfo ya shafa, na Amurka. Doka a nan ita ce yaron da bai kai 16 ba, uwa da uba duka sai sun bayyana tare da shi a gidan waya ko ɗakin karatun da ake karɓar takardar. In ɗaya ba ya nan, sai ya cika takardar amincewa mai lamba DS-3053, a buga mata hatimin shaida, a haɗa da hoton katinsa. Wani maigida ya ce zai je gida duba gona, sati uku. Sati uku ya zama wata huɗu. Fasfon autarsu ya ƙare, makaranta ta kusa hutu, uwargida ta matsa a aiko takarda. Maigida ya yi abin da ya dace, ya je aka buga hatimi, sai wayarsa ta mutu. Ya ari ta kusa da shi ya ɗauki hoto ya tura don uwargida ta fara gani. Saƙo ya iso ta WhatsApp daga baƙuwar lamba. Uwargida ta taɓa hoton mai lambar, sai ga maigida cikin farar shadda da hula zanna, kafaɗa da kafaɗa da wata yarinya cikin lafaya, hannu ya sha lalle. Gonar ke nan. An ce uwargida ba ta ce uffan ba. Ta jira asalin takardar ta iso, ta kai yarinya aka yi mata fasfo, sannan ta aika masa da saƙo ta wannan lambar dai: "Alhaji, a gaida gona. Allah ya ba da damina mai albarka." Har yau bai sayi tikitin dawowa ba.

Masu niyyar zuwa gida hutun Disamba ko Babbar Sallah, ku ciro littafinku yau da daddare ku duba ranar ƙarewarsa, ku ɗora shi gefen takardar NIN ku bi harafi-harafi kafin ku biya kuɗin jirgi daga filin jirgin Dulles. In har sai an tashi wani a ƙauye ya yi muku yawo, ku kira shi da rana tsaka ta can, ku tura masa kuɗin mota na yau, da na abinci, da ladan yinin gonar da ya rasa.